Ranar da Kallamu Ya Yi Gudu

Duk mahautan kasuwar Ogbete a Inugu sun san Kallamu da ciwon gwiwa. Shekara ashirin yana fawa a nan, ba wanda ya taɓa ganin ya yi sauri, ko da ruwan sama ne ya tsuge. In ya ciro ƙoda, sai ya ɓanɓare ɗan kullutun nan da ke zaune a samanta ya jefa wa mage, don a wurin mahauta kitse ne marar amfani.

Dogara, malamin asibitin da ke sayen hanta a wurinsa, ya taɓa ce masa, "Baba, abin nan da kake ba mage, kai ma kana da guda biyu. In tsoro ya zo, su ke zuba wani ruwa cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, ƙafa ta manta da ciwo."

"To, nawa sun daɗe da yin ritaya," in ji Kallamu.

A 1966, da rikici ya ɓarke, aka ce jirgin ƙasan da zai kwashe 'yan Arewa da azahar zai tashi. Matarsa Zuliha, mace mai jiki, tana kwance da karaya a ƙafa. Ba mota, ba amalanke, ga ihu yana matsowa daga bakin titi.

"Malam, ka tafi, ka aiko a ɗauke ni."

"Wa zan aiko? Kama wuyana."

Ya goya ta, ya bi ta bayan rumfuna da gudu, ya tsallake kwata biyu, har ya isa tashar jirgi. Bakinsa ya bushe, ba ya jin komai sai bugun ƙirjinsa. Jirgi ya fara motsi lokacin da ya tura ta ciki, mutane suka jawo shi. Sai da ya zauna gwiwar ta kumbura.

A Zariya suka ƙarasa rayuwarsu. Wata rana baƙi suka ƙi yarda da labarin, ya tashi zai nuna musu. Ko ɗaga Zuliha daga tabarma bai iya ba.

"Kin ƙara nauyi, Zuliha."

"Tsoro ne ya ragu, Malam."

Ya ci gaba da fawa har tsufa, amma tun daga ranar gudun nan, ƙoda da kullutunta yake sayarwa, bai ƙara jefa wa mage ba. Magen kasuwa ta gaji da jira, ta koma rumfar maƙwabci.