Ɗan Cikin da Suka Zo Nema a Gummi

Bana shekara goma ke nan da muka rufe Dogo. Ɗan farina ne, shi ya sa ba za ku ji sunansa na yanka a bakina ba, ko da a jarida. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, amma kaf Gummi an san ba na ƙara wa labari gishiri.

Waɗanda suka kalli ƙwallon kwando a wancan lokaci sun san shi. Tsawon nan daga dangina na Bukkuyum ya ɗauko shi, don ubansa, Allah ya jiƙansa, da kyar ya kai kunnena. A makaranta a Anka wani malami ya gan shi yana tsinkar tsamiya ba sanda, ya miƙa masa ƙwallo. Daga nan sai birni, sai ƙungiyar da wasan ne sana'arta. Ranar da aka ce mini kwandon da suke jefa wa ƙwallon ba shi da gindi, na yi dariya har na ƙware.

Wurin tsayuwarsa ƙarƙashin kwandon ne, inda ake turereniya. In ya zo hutu ni ke gasa masa haƙarƙari da ruwan zafi, kuma babu inda gwiwar hannun wani ba ta bar shaida ba. Wata rana na ce, "Kai, ba ka komawa can nesa ka riƙa jefowa kamar sauran?" Sai ya jera goruba biyar a tsakar gida. Ya ce, "Inna, duba. Waɗanga na nesa, wata rana hannunsu na ci, wata rana ya bushe. Ran da ya bushe ni ake miƙa wa. In na tsaya nan sai mutum biyu sun taru a kaina, kin ga nawa guda ya samu sarari. In babu ni, kowa a tsare yake." Ya ɗauke ta tsakiyar ya gatsa, ya ce, "Kin gani, an cinye su."

Zuwansa na ƙarshe da kaka ne, ana yankan shinkafa. In ya miƙe sai ya dafe ƙirji, in na yi magana ya ce ba komai. A bakin fadama ya faɗi da dami a ka. Likita ya ce wata babbar jijiya ce ta zuciya ta yage, wai dogaye masu zara-zaran yatsu sukan zo da raunin tun daga haihuwa, kuma duka a ƙirji ba ya yi mata daɗi. Makarar masallacinmu ta yi masa kaɗan, sai da aka ƙara itace.

Yau ga gidan kallo a bayan katangarmu, ina jin gardamar samari ina tankaɗe. Suna cewa zamanin ƙattai ya wuce, jifan nesa maki uku ne, me za a yi da mai tsayawa a gindin kwando yana shan gula? Da Dogo na raye na san abin da zai tambaye su: in ƙwallon ta bugi ƙarfen kwandon ta dawo, hannun wa za ta faɗa? Amma ni, Allah shaida ne, roƙo nake ya zama samarin ne da gaskiya. Dalili kuwa Bashiru, ɗan da Dogo ya bari. Sai ya sunkuya yake shiga ɗakina, kuma yatsun nan nasa na ubansa ne sak.

Da daminar nan sai ga baƙo, Malam Isa, abokin wasan Dogo, yanzu shi ke horar da ƙungiyar. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya sha fura, sannan ya ce, "Inna, bara mun sha kashi. Masu jifa muna da su, ɗan ciki ne ba mu da shi."

Na ce, "Ɗan cikin wa? Ni guda na haifa, kun gama da shi."

Ya fara bayanin wai haka suke kiran mai tsayawa ƙarƙashin kwando. Na ce na sani, ni ma da Hausa nake magana.

Bashiru na jingine da rumbu ya ce, "Malam, kishi ne. Tsohuwa ba ta son angonta ya ga 'yan matan birni."

Na ce, "Rufe mini baki, mijin banza da ko itace bai iya faskarawa ba." Na juya ga baƙon na ce, "Ai yara sun ce yanzu ba a bukatar dogo."

Ya ce, "Inna, ke Dogo ya koya wa wasan nan, ya ba mu labari da bakinsa. In kin ce ba a bukata, in tashi yanzu, ba ni dawowa."

Kalma guda ce za ta tsare mini yaron a gida. Yaya zan ce a gaban ɗansa dukan da Dogo ya sha a banza ya sha shi? Na ce, "Ana bukata."

Sharaɗi ɗaya na kafa, sai likita ya duba ƙirjin Bashiru. Sun kai shi Sakkwato. Likitan ya ce bai ga komai ba a yanzu, amma a riƙa dawowa. Wannan "a yanzu" ita nake ta juyawa a raina har yau.

In an tambaye ni me ya rage na Dogo, rigar wasansa tana nan ta koɗe. Sauran duk yana jikin Bashiru: tsawon, taurin kan, da abin da ke cikin ƙirji wanda Allah kaɗai ya san shi. Da an gama yankan shinkafa zai tafi.

Ku da ke zuwa kallo, roƙona gare ku ne. Ni ba zan kasance a wurin ba. In kun ga wani dogon yaro mai Hausar Gummi a ƙarƙashin kwando ya dafe ƙirji, kada ku saurari abin da zai ce. Ku yi ihu har sai an fitar da shi.