Belun Ɗanmu na Fari

Warin ganyen darbejiya a cikin tafasasshen ruwa shi na fara shaƙa da safiyar sunan ɗana. Har yau idan na wuce ƙofar gidan da ake jego, iska ta kwaso mini wannan ɗacin, sai in tsinci kaina a tsakar gidanmu na Roni, ƙarƙashin duwatsun da na girma ina kallo.

Haihuwar fari ce, don haka gida na koma, wurin Inna, mahaifiyata. Mijina malamin firamare ne a Kazaure, mutumin Gwiwa, mai sanyin magana. Tun cikina yana ƙarami na ga ya sauya. Shi yake kai ni awo a babur, ya tsaya a bakin taga yana sauraron abin da malamar asibiti take faɗa wa mata, har suka riƙa tsokanarsa wai ya shigo a auna shi. Ranar da malamar ta ce kada a bari a cire wa jariri belu, wato ɗan naman nan da ke lilo a ƙofar maƙogwaro, da muka koma gida bai iya cin abinci ba.

A ranar ya ba ni labarin ɗan yayansa. Kafin aurenmu aka haife shi a Gwiwa, wanzami ya cire masa belu kamar yadda ake yi wa kowa, jinin ya ƙi tsayawa har ya rasu. Uban ya kasa ɗaukar gawar, sai mijina ya rungume ta a cikin 'yar tabarma zuwa maƙabarta. Ya ce da yaron yana da nauyi da ya fi masa sauƙi. Tun daga gida har bakin kabari ji yake kamar tabarmar kawai ya riƙe. Bai sake tayar da zancen ba, amma na sha ganinsa zaune yana kallon hannayensa.

A wajenmu uba ba ya ɗaukar ɗan fari a gaban mutane, ba ya kiran sunansa, ba ya tambayar lafiyarsa a gaban manya, balle a gidan surukai. Ni ma kunyar ta hau kaina. Idan yaron ya yi kuka ina zaune da baƙi, sai in kawar da kai har sai an miƙo mini shi. To ta yaya mutumin da bai kamata ya nuna ya san da yaron ba zai ce kada a taɓa shi?

Ta waya ya roƙe ni in faɗa wa Inna. Na faɗa mata ina kallon ƙasa. Ta yi dariya ta ce ni da ƙannena duk an cire mana, ga mu nan muna cin tuwo. Ta ce idan aka bar shi yana kumbura ya toshe wa yaro wuya, ya hana shi nono, ya sa shi amai da tari, ta kuma lissafa mini 'ya'yan da ta san hakan ya ɗauke su. Ba gardama take yi ba. Tsoro ne a idonta, irin wanda nake gani a idonsa.

Bayan an raɗa suna a ƙofar gida, wanzamin gidanmu ya shigo da zabirarsa. Dattijo ne, shi ya yi mini askin suna. Gwaggona, yayar mahaifina da ta zo daga Babura, ta fito da yaron ta zauna a tabarma, mata sun kewaye ta. Ina ɗaki, ina leƙe ta gefen labule. Aka yi aski lafiya, gashin ya zuba baƙi wuluk a kan zane. Sai dattijon ya zaro ɗan itacen da yake danne harshe da wata siririyar aska mai lanƙwasa.

A lokacin na ji sallamar mijina. Ya shigo tsakar gida cikin mata, babbar rigarsa tana jan ƙasa, kansa a sunkuye. Ya durƙusa a gaban Gwaggo ya gaishe ta, sannan ya miƙa hannu biyu ya karɓi yaron. Har mai daka sai da ta tsayar da taɓarya.

"Baba, a yi haƙuri," ya ce wa wanzamin. "Askin ya isa. Kada a buɗe masa baki."

"Malam, ni na yi wa matarka," in ji dattijon.

"Na sani, Baba. A yi mini afuwa."

Gwaggo ta tafa hannu ta ce wa matan su zo su ga ɗan zamani, yau ya ɗauki ɗan fari a gaban surukarsa, gobe sai ya karɓi goyo. Wata ta ce a ba shi zane da majanyi ya ƙarasa. Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Wanzamin ya mayar da kayansa zabira a hankali, ya yi addu'a, ya fita. Inna ta juya ta koma wajen tukunyar ruwan wanka.

Na ɗauka an gama. Na ci gaba da wanka safe da yamma a bayan ɗaki, in daɗe a cikin tururi har kaina ya riƙa juyawa, in fito in sha kunun kanwa in kwanta. Kafin mu yi arba'in, wata rana yaron ya ƙi nono. Yana kamawa sai ya saki ya tsandara kuka, daga baya kukan ma ya koma ƙasa-ƙasa, jikinsa ya ɗauki zafi. Matan unguwa suka yi ta shigowa, kowacce maganarta ɗaya: belun ne, ga abin da ake gudu. Inna ta goya shi tana zagaya tsakar gida, bakinta yana motsi.

Na kira mijina. Ya bar aji ya taho, ya samo mota ta kai mu asibiti a Kazaure. Da muka isa jiri ya ɗebe ni a baranda, aka kwantar da ni a wani ɗaki ana auna jinina, shi ya shiga wajen likita da yaron. Ya daɗe a ciki. Da ya fito fuskarsa ta yi fari kamar an shafa masa toka. Ya ce mini ƙwayoyin cuta ne suka shiga jikin yaron, za a kwantar da shi a yi masa allurai. Inna tana zaune a ƙarshen benci. Ya je ya durƙusa ya ce mata da sauƙi, in sha Allahu. Ta amsa ba ta ɗago ba.

Yaron ya tashi, amma tsoron bai bar gidanmu ba. Mijina ya zama mai tafasa kowane cokali. Ranar rigakafi ba ta taɓa wuce shi ba. Idan yaron yana barcin rana, sai in ga ya kai bayan hannunsa kusa da hancinsa ya tsaya, ya tafi, ya sake dawowa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai taɓa yarda yaron ya je Roni ba tare da shi ba. Ko yaye bai bari an kai shi wajen Inna ba, yadda ake yi. Na yi kuka a kan wannan, na ce masa ya raina gidanmu. Ya tashi ya fita alwala.

A dangi kuwa an sa mijina a baki. Duk tarin da yaron ya yi, duk amai, duk ramar da ya yi lokacin haƙori, sai a ce ai ubansa ne ya hana. Gwaggo tana faɗa a gabansa a wajen biki, shi kuma ya yi murmushi ya ce Allah ya sawwaƙe. Ni kaina akwai ranakun da na kalli yaron yana tari na ce a zuciyata, ko dai suna da gaskiya? Duk da haka ba a yi salla ba bai kai wa Inna atamfa ba, kuma har ta bar duniya a durƙushe yake gaishe ta. Ita ma ta sauya masa. Ba ta taɓa sa baki a tsokanar ba, kuma idan ya zo, ita da kanta take kai masa ruwa zaure.

Yaron yana firamare, Inna ta riga ta rasu, ya yi ciwon maƙogwaro na kai shi asibiti ni kaɗai. Ma'aikacin ya haska bakinsa da tocila, ya ce cikin halin ko-in-kula ashe an cire masa belu. Na ce a'a, ubansa ya hana. Ya matsa gefe ya ce in duba da kaina. Na duba. Babu komai a wurin sai wani ɗan tabo mai sheƙi.

Ban san yadda muka iso gida ba. Na tarar da mijina a tsakar gida yana wanke babur. Na tura yaron ɗaki, na faɗa masa abin da na gani. Bai daina goge ƙarfen da ke hannunsa ba.

"Na sani," ya ce. "Likita ya nuna mini ranar da aka kwantar da shi yana jariri. Wurin ɗanye ne, ya fara ruɓewa."

"Malam, duk shekarun nan?"

"Kina jego, jininki ya hau. Kuma mahaifiyarki ce."

Daga baya ya gaya mini Inna da bakinta ta faɗa masa, a barandar asibitin, ina kwance. Ina bayan ɗaki ina wanka ta aika aka kira wanzamin.