Gaurakin da aka ba Sarkin Baka kiwo

A duk shekarun da na yi ina kai baƙi kallon tsuntsaye, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wata Asabar a ƙarshen damina, a wani ƙauye tsakanin Kabo da Gwarzo. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku kasa kunne.

Kamfaninmu ƙarami ne, mota ɗaya da direba, sai ni jagora. Ƙa'idarmu ta farko ita ce baƙo ba ya sayen dabbar daji, ba ya karɓarta kyauta, ko da gashin tsuntsu ne. Ranar da aka ga baƙo ya tafi da tsuntsu, washegari tarko zai cika fadama.

Labari ya zo mana cewa gauraki biyu, mace da namiji, sun sauka a fadamar ƙauyen. Tsuntsu ne dogo mai tukku ruwan zinariya, wanda yanzu sai a shekara ba a gan shi ba a ƙasar Kano. Kamar yadda tsarinmu yake, na fara zuwa na gaida mai unguwa, ya haɗa ni da Baba Ilu, Sarkin Baka, wato shugaban mafarautan garin. Na shaida masa cewa zan kawo baƙi masu matuƙar son gauraka, shugabarsu Hajiya Rakiya, tsohuwar malamar makaranta daga Zariya.

Ran Asabar muka iso, aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo fura, aka yi ta gaisuwa. Sai ga Baba Ilu da mutum biyu a bayansa, su biyun kowa rungume da gauraka guda, ƙafafu a ɗaure. Yana murmushi ya ce a garinsu baƙo ba ya yaba abu ya koma hannu rabbana, kuma bai ga dalilin da babbar mace za ta shiga laka tana leƙe daga nesa ba.

In Hajiya ta tafi da su, mun karya ƙa'ida, mun buɗe kasuwa. In ta ƙi, ta mayar da hannun kyauta baya, ta kunyata dattijo a gaban mutanensa, tsuntsayen kuma sai kasuwa ko tukunya. Na raɗa mata hakan a gaggauce.

Hajiya ta yi godiya, ta shafa bayan kowane tsuntsu, sannan ta ce, "Baba, na karɓa, sun zama nawa. Amma gidana ba fadama. Na ba ka su kiwo, amana. A sake su inda aka kamo su, duk shekara zan zo in duba dukiyata."

Sai Baba Ilu ya tuna mata cewa mai kiwo yana da rabo. Nan na samu bakin magana, na ce duk baƙon da muka kawo, shi zai shiga gaba ya nuna hanya, haƙƙinsa kuma a hannunsa. Da kansa ya kwance igiyar a bakin ruwa. Da suka buɗe fiffike suka tashi, wallahi sai da na goge ido.

Yanzu gaurakin sun hayayyafa, kuma babu mai ɗana tarko a fadamar nan. Abin da na koya shi ne, mutanenmu suna iya kewaye doka, amma amana tana musu nauyi, don haka ku nemi hanyar ɗora ta a hannunsu. Bara wani ɗan kasuwa ya zo daga birni yana neman sayen guda. Baba Ilu ko tashi bai yi daga tabarmarsa ba, ya ce, "Ba nawa ba ne, Alhaji. Na Hajiya ne, kiwo aka ba ni."