Huda ta Uku

Duk sanda na ji ƙaurin kara, sai in ga kakana zaune bayan rumbu, a ƙauyenmu arewa da Birnin Lalle, yana huda sarewa da ƙarfen da ya yi ja a wuta. Bayan girbi yake wannan aiki, in kara ya bushe.

Kowa yana jera hudojin sarewarsa daidai wa daida. Shi kuwa in ya zo huda ta uku, sai ya gusa da ita kaɗan. Muryarta ba ta kai ta sama ba, ba ta zauna kan ta ƙasa ba, tana rataye a tsakani. Maƙwabta suka sa mata suna gurguwa. Kunyarta nake ji, har wata rana na faɗa masa.

Ya ce, "Kai yaro, tsakanin murya da murya akwai hili, kamar tsakanin rijiya da rijiya. Buzu na da wurin da yake sauka, Bahillace na da nashi. Wanga namu ne."

Ƙanena ya fi ni kunne. Tun bai fi akuya tsawo ba yake bin busar kaka da fito, har da gurguwar muryar.

Wani rani mahara suka same shi yana kiwo a bakin daji, suka tafi da shi da awakin. Kaka ya bi rijiyoyin arewa yana busa, ko yaron zai ji ya amsa. Ya dawo da faso a ƙafa, leɓe a fashe. Bai sake huda kara ba har ya rasu, uwarmu kuma ta hana a busa sarewa a gidan.

Sai da na yi furfura fatauci ya kai ni wata rijiya can arewa. Wani bawa yana jan guga yana fito, ya zo kan murya ta uku ya sauka a tsakani, daidai inda namu yake. Na gane ƙanena ne. Na kira shi da sunan da uwarmu ke kiransa. Ya dube ni, ya yi magana da Buzanci, bai gane ni ba. Ubangidansa ya daka masa tsawa, ya koma kan igiya.

Yau sarewar kasuwa duk hudojinta a jere suke, jikokina suna yi wa tawa dariya, suna cewa in gyara. Ba zan gyara ba. Daga gidanmu kaf, wannan murya kaɗai ƙanena ya riƙe.