Ranar da Kaza Ta Taka

Inna ta faɗi ne a bakin tukunyar gumi, a gidanmu na Argungu. Sana'arta ke nan tun kafin a haife ni: a kawo mata shinkafa daga fadama, ta jiƙa, ta turara, ta shanya. Ranar ta zubar da ruwan jiƙo a tsakar gida, ƙasa ta yi santsi, ta juya da ƙwarya a hannu sai ƙafa ta zame. Ba wata faɗuwar a zo a gani ba ce. Jikokinta kullum sai sun yi wadda ta fi ta, su tashi su kakkaɓe wando. Ita kuwa ba ta tashi ba.

Ina Badariya, a Birnin Kebbi inda nake aure, yayana ya kira ni a waya. Shi ne babban ɗanta, shi da iyalinsa suke zaune da ita. Ya ce targaɗe ne, kada in tayar da hankalina. Duk wanda ya san Yaya ya san ko katanga ce ta faɗo wa mutum, targaɗe zai ce. Na yafa mayafi na nufi tasha.

Na tarar da ita kwance, ƙafar hagu ta juye waje, kuma ta fi ta dama gajarta. Ban yi karatun likita ba, amma ina da ido.

"Yaya, mu ɗauke ta mu tahi Birni a yi hoto," na ce. "Wanga ba targaɗe na ba."

"An riga an aika ma maɗori." Ya naɗe hannun rigarsa ya miƙo mini damtse. "Shi yaɗ ɗora min wanga ina yaro. Diba, kin ga wani aibi?"

Babu aibi, gaskiya ce. Hannun ya miƙe sarai, da shi yake noma. Na juya wajen Inna ina neman ta goya mini baya, ashe nan ne zan sha kaye.

"Asibiti ƙarhe su ka sa ma mutum cikin jiki," ta ce. "Ni ba ni shiga kabari da ƙarhe. Yadda Allah yay yo ni, haka nika koma mai."

Na ce malamai sun ce babu laifi, magani ne kamar kowane magani. Ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyata ta, ko uwata?"

Maɗorin dattijo ne mai sanyin magana, ɗori gadon gidansu ne. Ya lalluba ƙugun, ya ce ƙashi ya karye, sannan ya ce a kamo masa kaza. Haka aikinsu yake: a karya ƙafar kaza a ɗora ta tare da mai karaya, ranar da kazar ta taka, ranar ce mutum zai taka. Ya riƙe ƙafar kazar ya murɗa, na ji ƙas har cikin haƙorana. Ya jera mata tsinkaye, ya naɗe da zare, ya yi tofi. Sannan ya dawo kan Inna. Ya shafa man shanu, Yaya ya danne kafaɗunta, shi kuma ya ja ƙafar. Matar da ban taɓa jin ta ce wash ba, ranar ihunta ya kai maƙwabta. Na fita zaure na toshe kunnuwa. Da na dawo an ɗaure ta da saƙaƙƙen kara tun daga ƙugu har gwiwa.

"Kada a kwance, kada a ɗaga ta," in ji shi. "A dai kula da kazar ga."

Aka kuwa kula. Ban taɓa ganin kazar da ta ci gata kamar wannan ba. An kife ta da kwando a inuwar ƙofar ɗakin Inna, tsaki da ruwa ba sa yankewa, matar Yaya tana korar mata kyanwa. Masu dubiya su gaishe da Inna a tsaitsaye, su fito su durƙusa su leƙa kwando, su ce kai, da sauƙi, idonta ma ya washe. Ni kuwa da nake juya Inna ina goge mata jiki, na ga bayanta ya fara salewa. Abinci sai an yi da gaske take haɗiya. Ba ta cika kukan ciwon ba. Abin da yake cin ranta shi ne surukarta ce take kawo mata fo ta fitar, kuma salla sai a kwance, da taimama da nuni. Kullum maganarta ɗaya, ta miƙe ta yi salla a tsaye.

Na yi ta zarya tsakanin Birnin Kebbi da Argungu har direbobin tasha suka san ni. A wani zuwan na samu wani likita na kwatanta masa yadda ƙafar ta juye. Ya ce ba zai yanke hukunci bai gani ba, amma ya fi zaton wuyan ƙashin cinya ne, can cikin ƙugu inda ɗauri ba ya kaiwa, kuma jinkiri ba alheri ba ne. Na kawo maganar da zafinta. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ce wa Yaya abin da ƙanwa ba ta faɗa wa wanta. Ya ce a jira kaza. Inna ta juya fuska bango. Na yi tunanin in zo da mota in sure ta da ƙarfi, to wa zai kama mini? Kuma uwa ce, da hankalinta, ta ce a'a. Haka zan zauna ina kallon kwandon nan, ina jin haushin tsuntsuwar da ba ta san hawa ba balle sauka.

Wata safiya aka ɗaga kwando, kaza ta miƙe. Ta ɗan ɗingisa, ta girgiza jiki, ta nufi wurin shanya tana tsattsagar shinkafa. Matar Yaya ta rangaɗa guɗa. Ni kaina, duk da abin da na sani, sai da zuciyata ta ce ko dai. Inna ta sa aka ciro mata sabon zane, ta ce a ajiye buta kusa.

Maɗori ya zo ya kwance karan. Shi da Yaya suka tallafe ta ta hammata suka ɗaga. Tana murmushi. Ta dafa ƙafar dama, ta tsaya. Ta sauke nauyi a kan ta hagu, ƙafar ta lanƙwashe kamar jiƙaƙƙen tsumma. Wannan karon ba ta yi ihu ba, salati kawai ta yi a hankali, suka mayar da ita shimfiɗa. Dattijon ya daɗe yana lalluba wurin, sannan ya ce, "Wanga ya hi ƙarhina. Ku kai ta asibiti." Ba wanda ya dube ni, ni ma ban dubi kowa ba.

A Birnin Kebbi likita ya ɗaga hoton ya nuna mana. Kan ƙashin yana zaune cikin gurbinsa, wuyan ya rabu da shi, ko kusa ba su haɗu ba. Ya ce jini ya daina kaiwa kan, ya mutu, sai dai a cire a sa na ƙarfe. Amma doguwar kwanciya ta cinye ta. Gyambon baya ya yi ruwa, ƙirjinta ya cushe, zuciyarta ba za ta ɗauki allurar barci ba. A je a yi jinya, in ta yi ƙarfi a dawo.

"Likita, na yarda," in ji Inna. "A sa ƙarhen. Na yarda, ɗana."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "In sha Allahu, Inna, in kin ƙara ƙarfi." Na ji yadda ya faɗe ta, na kuma gane.

Gidana na kawo ta. Ina dafa mata abin da take so, ina wanke gyambo, ina ce mata ta kusa warkewa. Wata rana da la'asar wata maƙwabciyata ta shigo dubiya, silifas ɗinta duk sun cinye ta dunduniya. Da ta tashi tafiya Inna ta ce in buɗe jakarta in ɗauko takalmanta na zuwa Idi, in ba matar.

"Inna, ai za ki sa abinki," na ce.

"Ɗiyata, bar ruɗin kanki. Ba ta, kada su bushe a banza."

Na ɗauko na miƙa. Matar ta gwada a bakin ƙofa, suka yi mata daidai, ta yi ta godiya. Inna ta karkata kai tana sauraren takunsu a kan siminti har aka rufe ƙofar gida, sannan ta ce in miƙo mata dutsen taimama.