Tashi Biyar da Injiniya Haladu Bai Rubuta Ba

Wata rana, a rumfar gyaran jiragen sama ta wani kamfani, wani dattijon injiniya ya ce "gobe na gyara". Sau ɗaya tak ya faɗa.

Sunansa Haladu. Shekara ashirin da shida yana aikin injin jirgi, ba a taɓa kama shi da sakaci ba.

Ga wanda bai sani ba, a cikin injin akwai wani faifan ƙarfe da doka ta yanke wa wa'adi. Duk tashi da sauka sai an rubuta. Adadin na cika a cire shi, ko da yana ƙyalli kamar yau aka ƙera shi.

Ran nan aka kai sababbin matuƙa atisaye a jirgin da Haladu ke kula da shi. Su taɓa ƙasa su tashi, su taɓa ƙasa su tashi, har sau shida.

Shi kuwa ya saba da jigilar fasinja: tafiya ɗaya, lamba ɗaya. Hannu ya riga tunani, ya rubuta ɗaya.

Sai da ya shiga mota ya tuna. Ya ce gobe.

Kun dai san halin goben nan.

Bayan wata bakwai hukuma ta turo mai bincike. Sunanta Injiniya Turai, wadda Haladu da kansa ya koya wa riƙon sifana. Ta gwada littafin matuƙa da nasa, sai ga giɓi. Faifan ya zarce wa'adinsa da tashi biyar kafin a cire shi, jirgin kuma maƙare da fasinja.

Haladu ya san lasisinsa ne a kan teburin nan.

"Turai, 'yata, an duba ƙarfen nan fa. Ko tsaga babu."

Ta sunkuyar da kai.

"Baba, kai ka koya min ba a tambayar ƙarfe ko ya gaji, littafi ake tambaya. In na rufe wannan, me zan ce ka koya min?"

Ya ciro hatimin da yake sa hannu da shi, ya ajiye a gabanta. Tana rubuta rahoto tana share hawaye.

Saura wata huɗu ya yi ritaya cikin mutunci.

Wallahi abin tausayi ne. Har yau abin da ke ci masa rai shi ne, gyaran nan bai kai minti biyu ba.

Darasi: kuskuren da ka gano yau, yau ɗin nan za ka gyara shi, tun yana tsakaninka da kanka.

Tura wa mai yawan cewa gobe. In kai ne, to ka karanta sau biyu.