Da Sauƙi

Mahaifina tsohon soja ne. Ya dawo daga yaƙi da ɓarɓashin ƙarfe a ƙwaurinsa na hagu, da mikin da ya ƙi rufewa. Da aka tare ruwa a Goronyo ya samu ɗan fili yana noman albasa. Ina son gonar da hantsi, ganye tsaye cikin ruwa kamar korayen allurai. Sai dai ruwan nan kullum cikin mikin yake, har ya fara wari. Asibitin da aka ce tsofaffin sojoji su riƙa zuwa, ƙwayar ciwon kai kawai suke ba shi.

Wata shekara muka ji a rediyo za a yi gyara. Kwamiti zai zo Wurno ya duba su, mai bukatar aiki a tura shi babban asibiti. Ni na raka Baba. Ya goge tsohon kakinsa, ya saki wando har idon sawu, ya rufe mikin.

Likitan kwamitin Bahaushe ne, yana zaune a inuwa. Bai ko ɗago kai ba.

"Baba, yaya jiki?"

Baba ya ƙame kamar a fareti. "Da sauƙi, ranka shi daɗe. Mun gode Allah."

"Madalla. Na gaba!"

Na ce, "Yallaɓai, ku dubi ƙafar mana."

Ya yi dariya. "'Yar boko, kin fi shi sanin jikinsa ne?"

Baba ya harare ni, muka fito.

A mota na ce, "Baba, don mi ba ka hwaɗa mai gaskiya ba?"

"Ɗiyata, gaisuwa yay yi min, na amsa. Ina ta jira shi ce in naɗe wando."

Likitan nan a cikinmu ya tashi. Ya san mai gargarar mutuwa ma in an gaishe shi, da sauƙi zai ce. Ya sani sarai. Ya ɗauki ladabin tsoho ya sallame shi da shi, don layi ya ragu. Dattawa da yawa aka kora haka a ranar, ba wanda aka taɓa jikinsa.

Kafin a cire albasa ƙafar ta yi baƙi. A Sakkwato aka yanke ta, ƙasa da gwiwa.

Na je neman wanda zan kai wa ƙara. Aka ce kwamiti ya gama aikinsa, an rushe shi, likitan ma an ɗaga shi gaba. Na tambayi wa ke duba aikin da suka yi. Akawun da na tarar a ofishinsu ya ce in yi haƙuri, ya ja tagarsa ya rufe.

Gonar kuwa, mun ba maƙwabci aro. Baba bai sake shiga cikinta ba.